Robar da na ɓoye a ƙarƙashin kwano

Ku da kuke ganin faci aikin wanda ya rasa abin yi ne, ku matso kusa. Jiya na ji ɗayanku yana cewa ai duk wanda ya iya kankare tub ya hura iska ya zama mai faci. To, sannu da ilimi. Ni Yakubu na yi shekara da shekaru a bakin tashar motar Kafanchan, kuma akwai mutumin da ya ƙarasa rayuwarsa da ƙafa ɗaya saboda facin da wannan hannun ya yi. Labarinsa zan ba ku. Amma sai kun fara sanin yadda ake dafa roba, in ba haka ba ba za ku gane inda na yi laifi ba.

Shekarar da aka gama yaƙin basasa na sauko daga ƙauyenmu na bayan Kagoro, da gashin bakina da komai, kawuna ya miƙa ni ga Baba Tomas. Mutumin wajen Zangon Kataf ne, ya koyi aikin taya a Jos wurin manyan motocin masu haƙar kuza. Aikin farko da ya ba ni ko taya bai bari na taɓa ba. Ya yanko roba biyu, kowace kamar tafin hannu, ya ce in ɗora su a kan wani guntun kwanon rufi cikin rana, in zauna in yi gadinsu. Na zauna ina ta ƙunƙuni a raina, wai ni da na zo koyon sana'a. Da la'asar ya ce in ɗauko. Ɗaya ta yi laushi, tana kama yatsa kamar ƙaro. Ɗayar tana nan yadda take.

"Wannan ɗanye ne, wancan ya dahu," in ji Baba Tomas. Sai ya zaro wani ɗan dunƙule ruwan ɗorawa daga aljihu. "Ka san wannan?"

Na ce farar wuta ce, wadda iyayenmu mata ke niƙawa da man kaɗe su shafa wa mai ƙazuwa.

"Shi ne duk aikin," ya ce. "A kamfani an riga an kwaɓa shi a cikin ɗanyen roba, yana kwance yana barci. Zafi ne yake tashe shi. In ya tashi sai ya ɗinka roba da tub su zama abu ɗaya. Amma ka ji ni da kyau, sau ɗaya yake tashi. In ya tashi a inda babu tub, ya yi aikinsa a banza, ba ya sake yi."

Daga baya wani malamin kimiyya na sakandare, mai kawo mana babur ɗinsa, ya zana mana abin a ƙasa da tsinke. Ya ce roba dogayen zare ne kwance barkatai, farar wuta kuma ita ke shiga tsakani tana ƙulla wannan zare da wancan. Baba Tomas ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce ai abin da yake faɗa ke nan tun kafin a haifi malamin, sai dai shi ba a biyansa albashi a kai.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Liba uku na ƙarfen sifirin don ɓamɓare taya, guduma mai nauyin da sai ka yi nishi, famfon hannu, rabin duro na ruwa don neman huda, magagari na kankara, gwangwanin sulushan, wato gam ɗin faci, da matsi mai zare. Uban su duka shi ne fistan, wani tsohon fistan na injin babbar mota da Baba Tomas ya taho da shi daga Jos. Ka kankare bakin huda har ya yi kaushi, ka wanke da fetur, ka shafa sulushan ya sha iska, ka yanko ɗanyar roba ka ɗora, ka rufe da takarda, ka kifa kan fistan a kai ka ɗaure matsi. Sai ka zuba kananzir cikin fistan, awon gwangwanin tumatur ɗaya, ka kunna. Ba ka taɓawa sai wutar ta mutu da kanta, ƙarfen ya huce har ka iya ɗora tafinka. In ka yi gaggawa faci ya fito ɗanye, in ka ƙara kananzir tub ya ƙone. Hayaƙin kuwa, wari ne irin na ruɓaɓɓen ƙwai, yana bin ka har coci, mutane su riƙa matsawa a kan benci.

A kan fistan ɗin nan akwai wata 'yar kibiya da aka buga tun daga kamfani. Duk facin da ya fito daga ƙarƙashinsa da kibiyar yake fitowa. Direba ko a Kaciya ya buɗe taya ya ga kibiya, ya san hannun waye.

Dokokin Baba Tomas biyu ne, kuma ya fi riƙe su fiye da yadda wasu ke riƙe Dokoki Goma. Ta farko, ɗanyar roba a randa take kwana. Muna da randa a bayan rumfa, an binne rabinta cikin yashi, kullum da safe ana jiƙa yashin, a rufe bakin da faifai. Ta biyu, duk naɗin roba da aka buɗe, ko wanda ya daɗe ba a taɓa ba, sai an yanki ɗan ƙanƙani an dafa a kan yagaggen tub, a sa filaya a ja. In tub ya yage faci bai saki ba, a yi aiki. In faci ya ɗago, a jefar da naɗin duka. Akwai kuma wata al'ada tsakanin masu faci na tasha, mu huɗu ne a lokacin. Wanda robarsa ta ƙare yakan je wurin ɗan'uwansa, a buɗe randa a gabansa, a yanka masa tafin hannu guda. Ba a hanawa, ba a kuma tambayar yaushe za ka mayar.

Na yi shekara uku a ƙarƙashinsa, ina shan ranƙwashi da gashin bakin nawa. Sannan tari ya kama shi, irin wanda hayaƙin nan ke bar wa mutum, idonsa kuma ya fara hazo. Ya tattara ya koma gida. Ya bar mini rumfa da randa da fistan. Shekarun da suka biyo baya na samu alheri, musamman da aka yi wa ma'aikata babban ƙarin albashi, kowane akawu da malamin makaranta ya sayi babur, kuma rabinsu ba su san yadda ake kauce wa ƙusa ba.

Taya ta farko da Malam Garba ya kawo mini, ta baya ce, ƙarfen garma ya huda ta a hanyar gona. Malam Garba ɗan tsofaffin gidajen kasuwa ne na cikin gari, ya girme ni da kamar shekara goma, yana jan gongoro, motar nan mai bodin katako, yana kwaso citta daga Kwoi da ƙauyukan wajen Nok ya kawo tashar jirgi. Ya tsaya a kaina tun daga kankara har hucewa. Da na kwance matsi ya danna facin da farce, ya ga bai bar shaida ba, ya ce, "Ashe tsohon ya bar magaji." Daga ranar bai sake kai taya wani wuri ba. Idan lokacin salla ya yi a bayan rumfata yake shimfiɗa buzunsa, ni kuma na ajiye masa buta ta musamman da ba mai taɓawa da hannun mai. Shi ya jawo mini direbobin citta kusan duka.

Sai shekarar wahala ta zo. Aka ce jiragen ruwa sun cunkushe a Legas, kaya ba sa sauka. Mu dai abin da muka sani, sabon tub ya ɓace, ɗanyar roba ta ɓace. Direbobi suna yawo da tub mai faci bakwai, takwas. Randunan tasha duk suka koma na ruwan sha. Ana cikin haka wani sanina mai aiki a jirgin ƙasa ya samo mini naɗi guda daga Kudu, cikakke, a cikin takardarsa. Ya kawo mini a buhun garin rogo don kada a gani.

Kwana biyu bayan nan Ishaya ya tsallako titi. Ishaya shi ne mai facin da rumfarsa ke kallon tawa, cocinmu ɗaya, a ƙungiyar mawaƙa ma benci ɗaya muke zama.

"Ɗan'uwa, ko ɗan kaɗan ya rage maka? Mota biyu yana jira na."

Na ce, "Gaskiya babu. Zo ka duba randa."

Ya zo ya ɗaga faifai, ya ga ba komai, ya ce Ubangiji zai buɗe hanya, ya koma. Randa kuwa ba komai ne don tun daren farko na san nan kowa zai duba. Naɗin yana sama, na cusa shi tsakanin kwanon rufi da katakon da ya riƙe shi, na tura tsumma a baki. Lissafina shi ne in ƙarasa 'yan guntayen da nake da su a ɓoye, in jira har sauran su rufe rumfa, sannan in fito da nawa tasha ta zama tawa ni kaɗai. Wannan shi ne lissafin, ba zan yi masa kwalliya ba. Bazara ce. Kun san yadda kwano yake a watan Maris, ko ƙadangare ba ya tsayawa a kai. Naɗin ya yi wajen wata biyu a wurin. Kullum ina zaune a ƙarƙashinsa ina fifita da kwali, kuma ko sau ɗaya ban tuna da roba biyun da na yi gadi a rana ba.

Ranar wata Litinin da hantsi Malam Garba ya gangaro da tayar gaba, ta hannun direba. Tub ɗin ya tsage kusa da bakin iska, tsawon ɗan yatsa. Na ce masa wannan na jefarwa ne. Ya yi dariya ya ce in nuna masa inda ake sayar da sabo ya je ya saya, ko da a lahira ne. Cittar mutane na jiransa a Kwoi, ga hadari ya fara haɗuwa, in ruwan farko ya taɓa busasshiyar citta ta tashi daga aiki. Guntayena sun ƙare. Na ce ya je ya sha shayi ya dawo.

Na leƙa, Ishaya na zaune a rumfarsa ba aikin yi, fuskarsa na kallon tawa. Na juya masa baya na taka duro na zaro naɗin, na yanka a cikin buhu. Tun a wuƙa na ji. Ɗanyar roba tana kama wuƙa tana ja, wannan kuwa ta yanku tsaf. Na taɓa, ba ta kama yatsa. Wani farin ƙura-ƙura ya fito mata a jiki. Na san abin da ya kamata in yi: in yanki ɗan ƙanƙani, in dafa a kan yagaggen tub, in ja da filaya. Amma gwaji na nufin kunna fistan sau biyu, da tsayawa a fili ina jan faci, kuma duk mai faci da ya ga ana gwaji ya san an buɗe sabon naɗi. Kunyar Ishaya ta fi mini nauyi a wannan lokacin fiye da tayar gaban mota. Na goge ƙurar da fetur, na shafa sulushan har sau biyu, na ɗaure matsi da ƙarfi fiye da kullum, na kunna.

Facin ya fito kyakkyawa, baƙi sumul, kibiya ta zauna raɗau. Na danna farce, bai bar shaida ba. Yaya za a yi ya bari, abin da ya riga ya dahu tun a sama? Na hura, na tsoma a duro, ko kumfa ɗaya. Sulushan ne kawai ke riƙe da shi, kuma sulushan yana riƙewa muddin taya na sanyi.

Malam Garba ya dawo yana sakace, ya duba, ya ce, "Yakubu, a gaba zan sa shi fa. Zai kai ni Kwoi ya dawo da ni?"

Na ce, "Har Legas ma zai kai ka, Malam."

Ya kai shi Kwoi. A dawowa ne, da rana tsaka, mota cike da buhunan citta har sama, a wata gangara mai kwana kafin gada, taya ta saki iska gaba ɗaya. Mutum biyu da ke saman kaya suka yi tsalle suka tsira da ƙurji. Motar ta kwanta ta gefen direba. An daɗe ana sauke buhuna kafin a samu a ɗaga ta, ƙafar Malam Garba ta dama na ƙarƙashi. A asibiti aka yanke ta daga gwiwa.

Bayan kwana uku direbobin da suka je janyo motar suka dawo da tub ɗin, suka jefa a gaban rumfata. Ba wanda ya zage ni. Suna tsammanin tsautsayi ne, so suke in duba in gaya musu me ya faru. Ishaya ya tsallako shi ma. Ya ɗauki tub ɗin, ya sa farcen babban yatsa a gefen facin, ya ɗago shi gaba ɗaya ba wahala. Ƙasansa sumul, yana sheƙi, ko zare ɗaya na tub bai kama ba. Ya juya shi, ga kibiya. Ya shinshina. Sannan ya ɗaga kai ya dubi rufin rumfata, inda bakin tsumma ke leƙowa.

"Ɗan'uwa," ya ce a hankali, "ka ce mini babu."

Shi ya taka duro ya sauko da naɗin a gaban kowa. Ya lanƙwasa shi, ya sake, naɗin ya miƙe da kansa kamar tsohuwar taya. Dukansa ya mutu. Da na bar shi a randa na yanka wa kowa tafin hannu, da ya ishe mu mu huɗu har kaya su sauka.

Ba a kai ni wurin 'yan sanda ba, ba a rushe rumfata ba. Abin da aka yi mini ya fi wannan. Motocin citta suka riƙa wucewa ta gabana su tsaya a tsallake. Direba in ya buɗe taya ya ga kibiya, ko facin shekara biyu ne mai lafiya, sai ya sa a ɓamɓare a sake. Na koma facin kekuna da baro, ranar da babu sai in je dako a tashar jirgi. Na bar ƙungiyar mawaƙa da kaina. Na je asibiti sau biyu, sau biyun ina kaiwa bakin ɗakin da yake in juyo. Tsoro ne da kunya, ba wani abu ba. Butarsa tana nan a bayan rumfa, na rasa yadda zan yi da ita, kullum sai in zubar da ruwan in sake cikawa. Baba Tomas ya rasu cikin damina ta wannan shekara. Na yi baƙin ciki, amma na gode wa Allah labarin bai kai masa ba.

Wajen wata bakwai bayan nan, kaya sun sauka, roba ta dawo kasuwa, ina zaune ina gyaran bakin iskar wani keke sai na ji ƙwas, ƙwas, ƙwas a kan tsakuwa. Na ɗaga kai. Malam Garba ne a kan sandunan guragu biyu, ya rame, an naɗe ƙafar wandon dama an soke da fil. An ba shi aikin yanka tikiti a tasha. Na miƙe tsaye. Ya yi sallama, na amsa. Ya zauna a kan bencin da ya saba zama, ya jingina sanda ɗaya, ya miƙo mini ɗayar ta gindi. Robar da aka sa mata a asibiti ta cinye, katako ya fito.

"Tana zamewa da ni a simintin masallaci," ya ce. "Jiya sai da aka ɗaga ni."

Na ce, "Malam, ni ne. Roba ɗin ya lalace, na sani tun a hannu, kuma na sa maka."

"An gaya mini tun ina kwance," ya ce. "Na jira ka zo ka faɗa da bakinka. Da ba ka zo ba, na ce bari ni mai ƙafa ɗaya in zo."

Na karɓi sandar. Na je randa na ɗauko sabon naɗi, na yanki ɗan ƙanƙani, na dafa a kan yagaggen tub a tsakiyar fili, Ishaya na kallo daga tsallake. Na jira wuta ta mutu, ƙarfe ya huce. Na sa filaya na ja har tub ya yage. Sannan na yanko fatar taya na yi wa sandar takalmi, na dafa shi a hankali. Malam Garba na zaune yana kallo. Haka na riƙa yi masa duk wata huɗu har shekara goma sha ɗaya, har ranar da aka aiko mini cewa ya rasu, kuma ko sau ɗaya ban sa roba a sandarsa ba tare da gwaji ba.

Amma labarin ranar da ya fara kawo sandar nake ba ku. Da na kwance matsi, ya karɓi sandar ya juya gindinta, ya ga kibiya. Ya danna da farce. Ya miƙe da ƙyar, ya dafa ta, ya ɗora mata nauyinsa duka, ya taka sau biyu a gaban rumfa. Sai ya juyo ya dube ni.

"Yakubu, wannan ba sai ya kai ni Legas ba," ya ce. "Daga gida zuwa masallaci ya isa."